Shanya a Ɗakin Baba

Lahadi, da hantsi

Na ja durowar kayan Baba don in share bayanta, sai na ga bangon ya yi ɗigo-ɗigo baƙi tun daga ƙasa har daidai ƙuguna. Fumfuna ce. Ni da nake aiki a gidan burodi ba sai an gaya mini sunanta ba. Na sa tsumma na goge, na mayar da durowar, na ƙara danna ta da bango, wai ko idan ban gan ta ba za ta haƙura ta tafi.

Baba yana zaune a bakin gado yana kallona. Tun da hawan jini ya kayar da shi na ɗauko shi daga asibiti zuwa wurina, akwai maganganun da muka daina yi ni da shi.

Igiyar tana nan inda na ɗaura ta, daga ƙusar taga zuwa ta bayan ƙofa. Zanin gado ne a kai yau, da wando, da tawul. Na jiya bai gama bushewa ba na yau ya tarar da shi. Taga a rufe, labule a sauke, saboda tagar tsakar gida take kallo, tsakar gidan kuwa ta dukanmu 'yan haya ce.

Talata, bayan an tashi aiki

Yau ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Oga ya shigo shago ya tsaya cak yana buɗa hanci. Ya ce akwai abin da ke warin fumfuna a wurin nan. A gidan burodi babu kalmar da ta kai wannan tayar da hankali. Ya sa muka sauke kanta-kanta, yana ɗaga kowace leda yana dubawa a hasken ƙofa. Ya duba kwandon shara, ya duba ƙarƙashin tebur, ya zagi mai kawo fulawa da ba ya ma wurin. Ni ma ina ta nema da gaskiyata, har da leƙa bayan firij.

Sai Gajeriya, abokiyar aikina, ta zo wucewa ta bayana da faranti. Ta rage murya ta ce, “Yaya, mayafinki ne fa.”

Na shinshina. Shi ne. A igiyar ɗakin Baba ya kwana, tare da sauran. Na cusa shi a jaka na ce mata damina ce, kaya ba sa bushewa. Ta ce, “Wallahi haka ne,” da sauri, irin saurin wanda ke son ya rufa maka asiri. Da ta yi mini dariya ma da ya fi mini sauƙi.

Laraba, da safe

Wanki. An kwana ana ruwa. Babu abin da ya bushe.

Alhamis, da yamma

Maƙwabciyata, wadda duk gidan ke kira Rediyo, ta tare ni a bakin famfo. Ba muguwa ba ce, bakinta ne kawai ba shi da maɓallin kashewa.

“Ke ’yar mai wanki, kullum ina jin ki da sassafe kina ta cuɗa kaya, amma ban taɓa ganin zanin gadonku a igiya ba. Ko da iskar baki kuke busarwa?”

Na yi dariya na ce ina tsoron ɓarayin shanya. Ta ce su wa za su sata, ita ko mijinta? Muka yi dariya tare, na shige ɗaki na turo ƙofa.

Bari in rubuta shi sau ɗaya, tunda takarda ba ta da baki. Ranar farko da ya wayi gari shimfiɗarsa a jiƙe, na shiga gaishe shi da safe na tarar yana tsaye a tsakiyar ɗaki, ya naɗe zanin gadon ya rungume a ƙirji da hannunsa mai lafiya. Ya ce, “Auta, kada ido ya gani. Ko Yayanki.” Na ce to. Ya ce a'a, in ce na yi alkawari. Na ce na yi. A ranar na buga ƙusa na ɗaura igiya.

Mutumin nan wanki da guga ya yi duk rayuwarsa, da shi ya rene mu. Zanin gadon otal-otal da na asibiti sun bi ta hannunsa. Yana ɗaga zani sau ɗaya zai gaya maka abin da ya sami wanda ya kwana a kai. Shi ya sa a ganinsa kowa ma haka yake karanta shanya.

Asabar, da azahar

Na kai Baba ɗakina, na koma nasa da bokiti, da burushi, da ruwan bilic. Na ɗaure hanci da ɗankwali na dirje bangon har hannuna ya yi fari fat. Baƙin ya fita, ya bar tabo rawaya-rawaya. Ashe ba bayan durowa kaɗai ba ne. Akwai a kusurwar silin, akwai a jikin labule, akwai a takalmansa na fata da ke ƙarƙashin gado, sun yi gashi kore.

Ban buɗe taga ba. Warin bilic ya cika ɗakin har idona yana ruwa, na ce ai wannan warin tsafta ne. Da na mayar da Baba ya yi tari har sai da ya dafa bango.

Duk da tarin bai fasa halinsa ba. Ya taɓa zanin da ke kan igiya ya ce, “Wannan matsa ce? Kaza ma ta fi ki ƙarfin hannu.” Ya sa na sauke, ya riƙe gefe ɗaya da hannunsa mai kyau, ni ina murɗawa. Ruwa ya zubo sosai, ni da na ɗauka na matse.

Na ce, “Baba, kai da ka san kaya, shanya a ɗaki...”

Ya ce, “Murɗa.”

Litinin, da safe

Wanki. Tari.

Laraba, da la'asar

Na sayo fenti na shafa da kaina. Mai shagon ya ce in bango yana da laima a fara busar da shi, in ba haka ba asarar fenti ce. Na ce masa ai bangon a bushe yake. Ban san me ya sa nake yi wa mai sayar da fenti ƙarya ba.

Ɗakin ya yi kyau. Baba ya fita ya zauna a benci a ƙofar gida da abokinsa Wanzami, cikin farar rigarsa da ya sa na goge sau biyu. Ina jiyo su yana tsokanar Wanzami wai askinsa ya fi kama da sassabe. Duk mai wucewa sai ya rusuna ya gaishe shi. Idan na gan shi a bencin nan, ƙafa ɗaya kan ɗaya, sai in ji wankin bai dame ni ba.

Lahadi, da yamma

Yaya ya zo ba sanarwa. Ina jin ƙarar motarsa na ruga na yaye igiyar, na cusa jiƙaƙƙun kayan a bokiti na tura ƙarƙashin gadona, na kunna turare har biyu. Na zaunar da shi a ɗakina na ce na Baba fenti ne bai bushe ba.

Baba ya shigo yana ƙoƙarin danne tari, abin ya ƙi. Yaya ya dube ni.

“Tun yaushe yake wannan?”

“Mura ce, Yaya. Sanyin damina.”

“Murar da ke fito kamar usur? Auta, ke aiki kike zuwa. Gidana akwai mutane, akwai fili. Ki bar min shi ko na wata biyu ne.”

Gidan Yaya yara ne cike, ga matarsa Anti, ga ƙannenta, ga mai aiki. Babu abin da zai kwana a gidan nan bai zaga kowane ɗaki ba. Na ga idon Baba a kaina. Sai na hau Yaya da faɗa, na ce da can da ake neman mai kwana a asibiti ina filin nasa yake? Maganar ba gaskiya ba ce, ya kwana, har ya fi ni. Ya ajiye ledar magani da ya kawo, ya tafi ko ruwa bai sha ba.

Baba ya ce, “Allah ya yi miki albarka.” Ban taɓa jin albarkar da ta yi mini nauyi irin wannan ba.

Talata, da hantsi

Fumfunar ta ɓullo ta cikin fentin. Daidai inda take a da.

Alhamis, da safe

Na ɗaga katifar yau. Na daɗe ban ɗaga ta ba, ledar da na shimfiɗa a sama kawai nake gogewa ina cewa ta tare komai. Ashe ledar ta tsage ta gefe. Ƙasan katifar baƙi ne da kore, katakon gadon ma ya kama. A kan wannan ubana yake kwana, hancinsa a kai, ni kuma ina can ina dirje bango.

Na sake ta ta koma. Na shimfiɗa sabuwar leda. Na tafi aiki na yi wa mutane murmushi ina miƙa musu burodi.

Juma'a, a asibiti, da rana

Da safe na tarar da shi zaune ya dafa gwiwoyi, bakinsa a buɗe, numfashi ya ƙi shiga. Leɓensa ya canja launi. Mijin Rediyo ne ya kawo mu. Ko a wannan halin, da muka zo fita, Baba nuna mini ƙofar ɗakinsa yake yi da hannu, wai in kulle.

An sa masa abin shaƙa, ya samu sauƙi. Likita ta tambaye ni a gabansa ko akwai laima ko fumfuna a inda yake kwana. Na ce babu, ɗakin ma sabon fenti ne. Ta rubuta. Daga baya ta same ni a baranda ita kaɗai.

“’Yar'uwa, rigar da ya zo da ita na ji warinta. Ba don in kama ki nake tambaya ba, ƙirjinsa nake so in sani.”

Na gaya mata rabi, ita ta ƙarasa sauran. Ba ta ko ɗaga gira ba. Ta ce abin da ke samunsa da dare ya zama ruwan dare bayan irin ciwonsa, akwai abin da za a gwada, amma ba yau-yau zai tsaya ba. Fumfunar kuwa ba ta jira. Katifar a fitar da ita, ba ta gyaruwa. A janye durowa daga bango. Taga a buɗe kullum. Kada a ƙara shanya ko hankici a ɗakin. Ta ce, “In ya koma ɗakin nan yadda yake, zai dawo mana, kuma ban ce miki zai zo da ƙafarsa ba.”

Lahadi, da azahar

Yana asibiti, ni ina ta lissafin hanyar da ba za ta bi ta tsakar gida ba.

Na ce in kai gidan wanki. Sai na tuna duk masu wankin unguwar nan yaransa ne, shi ya koya musu riƙe dutsen guga, har yau Maigida suke ce masa. Na ce in busar da guga. Na gwada da zani ɗaya, tururi ya cika ɗakina, wuta ta ɗauke a tsakiya. Na ce in shanya a ɗakina, na duba bangona na ga shi ma ya fara ɗigo a bayan ƙofa. Na sayo famfas ɗin manya na kai masa a baƙar leda. Ya leƙa, ya ɗaure bakin ledar, ya miƙo mini ya juya fuska.

Na durƙusa a gefen gadon na ce, “Baba, ka sake ni daga alkawarin nan. Likita ta ce ɗakin ne ke shaƙe ka.”

Ya ce, “Ni za ta gaya wa? Tun ba a haife ta ba na san abin da ɗanyen zani ke yi a rufaffen ɗaki.”

Ashe tun ranar da na buga ƙusar nan ya sani.

Ya ce, “Auta, tarin nan nawa ne, ni zan yi abina. Gara shi.”

Litinin, da yamma

An sallame shi. Ya koma ɗakinsa da ƙafarsa ya sauke labule.

Laraba, da safe

Wanki. Usur ɗin ya dawo, ƙasa-ƙasa. Ina tsaye a bakin ƙofa da bokiti ina saurare, na ji na tsani kaina, na tsani igiyar, har shi ma na ji haushinsa. Allah ya yafe mini.

Asabar, da la'asar

Na yi.

Rana ta fito da safe, irin wadda aka daɗe ba a gani ba. Asabar ce, kowa yana gida, igiyar tsakar gida cike da kayan makarantar yara. Na shiga na ce, “Baba, tashi ka koma kujera.” Ya ɗauka shara zan yi. Na ɗage labule, na tura tagar, sai da na sa kafaɗa saboda ta kumbura ta manne. Na kwance igiyar. Ya ce, “Auta.” Ban juya ba. Na kwashi wankin safe na fita da shi na baza a gaban kowa, zani da wando da tawul. Na dawo na kama katifar.

Ta fi ƙarfina. Ta maƙale a bakin ƙofa, ƙasanta yana kallon tsakar gida. Mata suka tsaya suna kallo. Wani yaro ya toshe hanci, uwarsa ta make shi.

Rediyo ce ta ajiye tsintsiyarta ta zo ta kama ɗaya gefen. Muka kai ta bayan gida inda ake ƙona shara. Da muka dawo ta tsaya tana karkaɗe hannu, daidai ƙarƙashin tagar da na buɗe, ta ce da muryar nan tata da Allah ya ba ta:

“Haba baiwar Allah! A kan fitsarin kwance kika kusa kashe tsoho? Wa bai yi jinya ba? Kakarmu shekara nawa muna yi da ita! Baba, sannu ka ji, ba komai ba ne wallahi, lalura ce!”

Da zuciya ɗaya ta faɗa. Na sani. Sauran matan ma suka shiga yi masa sannu ta taga, ɗaya bayan ɗaya.

Da na shiga, yana kan kujera ya sa hularsa, hannunsa a kan gwiwa, yana kallon bango. Na wanke bangon da ruwan bilic a gabansa, na janye durowa, na fitar da katakon gado rana. Bai motsa ba har na gama.

Lahadi, da hantsi

Wanzami ya zo. Maimakon ya ƙwala masa kira daga waje yadda ya saba, sai ya yi sallama a hankali ya ce, “Yaya jikin, Malam?” Shekara da shekaru bai taɓa ce masa Malam ba. Baba ya ce in gaya masa yana barci.

Talata, da yamma

Kaya suna bushewa kafin azahar. Suna ƙamshin rana. Bangon ya fara haske, sabuwar katifa tana cikin rigarta ta roba. Tarin ya ragu sosai.

Bai fita benci ba. Abinci idan na ajiye yana ci, idan na tsaya ba ya ci.

A shago Gajeriya ta ce yau na yi fes. Na shiga bayan kanta na yi kuka.

Alhamis, da la'asar

Na dawo aiki na tarar da motar Yaya a ƙofar gida. Baba ne ya kira shi da kansa. Ya riga ya haɗa kayansa, da hannu ɗaya, kowace riga a ninke kamar daga shago. Ya ce wa Yaya yana son canjin iska.

Na gane. Can babu wanda ya sani tukuna.

Yaya ya shigar da shi mota, ya dawo ɗaukar jaka, yana ta kame-kame don kada in ɗauka ƙwace ya zo yi. Na riƙe hannun jakar. Na san abin da Baba zai yi gobe da safe. Zai naɗe zani ya nemi mai taushin zuciya a gidan, wataƙila babbar ’yar Yaya, ya sa ta ta ce ta yi alkawari. Ɗakin baƙin Yaya kuwa taga ɗaya gare shi, ƙarama.

Na ce, “Yaya, tsaya. Akwai maganar da zan gaya maka, kuma ka gaya wa Anti yau ɗin nan.”

Na faɗa masa duka a tsaye a ƙofar gida. Rigar katifa, wankin safe, maganin da likita ta ce a gwada. Na ce komai ya ce musu, ko ya yi fushi, ko ya roƙa, a waje za a shanya. Yaya ya cire tabarau ya goge ido ya ce, “Ke kaɗai duk watannin nan?” Na ce ba wannan nake so ya riƙe ba, a waje, ya ji? Ya ce ya ji.

Baba yana hango mu ta tagar mota. Ba ya jin abin da nake cewa, amma ya ga fuskar Yaya. Na je na durƙusa na ce Allah ya kiyaye hanya. Ya ɗaga gilashin.

Asabar, da safe

Ɗakin ya bushe sarai. Na shiga na zauna a ciki ban san me zan yi da hannuwana ba.

Talata, bayan an tashi aiki

Na kira Yaya. Ya ce Anti ta ɗaura sabuwar igiya a bayan gida inda rana ke faɗawa, an yi rigima kwana biyu, yanzu an daina. Na ce ya ba ni Baba. Na ji takunsa, na ji ya ce, “Baba, Auta ce.” Yaya ya dawo ya ce wai Baba ya kwanta.

Bai kwanta ba. Ina jiyo shi daga nesa yana yi wa wani a cikin yaran faɗa a kan guga, wai wa ya koya masa fara riga daga baya, kwala ake fara yi, sannan hannu, sannan kafaɗa, kuma a dinga yayyafa ruwa ba a tsoma rigar a kogi ba, wannan ai ɓata wuta ne da ɓata kaya. Duk a numfashi ɗaya ya faɗe shi, bai tsaya ya yi tari ba.

Yaya ya ce, “To sai anjima ko?”

Na ce, “Kada ka kashe, Yaya. Ajiye wayar a nan kusa da shi.”